Kaburbura Biyu da Suka Buɗe Hanya

Yau za mu waiwayi tarihin yadda bishara ta shigo ƙasarmu, domin mu ga abin da bin Yesu ya ci wa waɗanda suka riga mu.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Ikko, wato Legas. Sunayensu Walter Gowans, Thomas Kent, da Rowland Bingham. Ba wata ƙungiyar mishan da ta yarda ta aiko su, kuɗin hannunsu kuwa kaɗan ne. Nufinsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wadda ta haɗa da ƙasar Hausa. Mishanonin da suka tarar a Ikko suka gargaɗe su cewa ba za su kai can da rai ba. A wannan zamani ba a riga an gane cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin da ke kashe baƙi ba, sai a 1897 aka tabbatar da haka.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Ikko. Sauran biyun suka nufo arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Ba su gina majami'a ko ɗaya ba, ba su yi wa kowa baftisma ba. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

A 1900 ya sāke dawowa, ciwo ya sāke mai da shi gida. Sai a tafiya ta uku aka kafa tashar mishan a Patigi, ƙasar Nufe, a 1902. Daga wannan ƙaramin tushe aikin SIM ya bazu, har ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

To, da idon mutum, Gowans da Kent sun yi hasara. Amma Ubangijinmu bai ɓoye wa almajiransa farashin binsa ba. A Markus 8:34 ya sa gicciye a kafaɗar kowane mai bi, a Yohanna 12:24 kuma ya nuna cewa sai ƙwaya ta ruɓe a ƙasa kafin a yi girbi. Samarin nan ba su nemi mutuwa ba, biyayya suka nema, wahala kuwa ta same su a kan hanyar biyayya.

Akwai masu koyar da cewa duk mai bin da ke shan wuya bangaskiyarsa ce ta kāsa. Kaburburan Girku da Bida sun ƙaryata wannan koyarwa. Ɗan'uwa, in danginka sun ƙi ka saboda Yesu, ko an hana ka aiki saboda sunansa, kada ka ce Allah ya yashe ka. Watakila ba za ka ga amfanin wahalarka da idonka ba, kamar yadda su ma ba su gani ba. Mu ne muke cin amfanin tasu.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin jimrewa har ƙarshe. Amin.