Rubutun umarnin shel da Git: yadda ake sabunta shafukan intanet, da abin da ya sami IReV a 2023

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu, 2023, masu zaɓe a mazaɓun tarayya na Kiru/Bebeji da Tudun Wada/Doguwa sun kaɗa ƙuri'u uku kamar sauran 'yan Najeriya: ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Alkawarin da hukumar zaɓe ta INEC ta yi shi ne, da zarar an gama ƙirga ƙuri'u a rumfa, jami'in zaɓe zai ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A da na'urar BVAS, ya aika da shi shafin IReV, inda mutumin Kwanar Dangora da na Legas za su iya gani a lokaci guda. Takardun 'yan majalisa sun fara hawa shafin a ranar, amma na shugaban ƙasa suka ƙi hawa har dare ya yi. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya ya shafi wani fanni na aikin kwamfuta da jama'a ba su cika jin labarinsa ba, wato yadda ake shirya manhaja, a adana tarihin gyare-gyarenta, a gwada ta, sannan a ɗora ta inda jama'a za su yi amfani da ita.

Mene ne shel?

Shel wata manhaja ce da ke karɓar umarni a rubuce daga mutum ta miƙa wa kwamfuta. Ma'anar kalmar a Turanci ita ce ɓawo, domin ita ce ke lulluɓe da ƙwayar tsarin da ke tafiyar da na'urar. Maimakon danna hotuna da linzami, mai aiki yakan rubuta gajeren umarni: kwafi wannan fayil, shiga waccan jaka, aika wannan zuwa can. Ken Thompson ne ya rubuta shel na farko na tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1971. Stephen Bourne ya fitar da nasa a 1979, sannan Brian Fox ya rubuta Bash a 1989 don aikin GNU. Bash ɗin nan shi ne aka fi samu a kwamfutocin Linux, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan shafukan intanet na duniya.

Idan aka jera umarni da dama a fayil ɗaya domin kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sake rubuta su ba, an sami rubutun umarnin shel ke nan. Aikin da mutum zai yi a matakai goma sha biyu, ya manta na bakwai ranar da ya gaji, rubutun zai yi shi iri ɗaya kullum. Haka kuma idan akwai kuskure a cikinsa, zai maimaita kuskuren iri ɗaya kullum, cikin sauri, ba tare da ya tsaya ya yi tambaya ba.

Git da tarihin gyare-gyare

Shafin intanet tarin fayiloli ne da ke canzawa kusan kowace rana, kuma sau da yawa mutane da dama ke taɓa su. Kafin a sami tsarin kula da canje-canje, abin da ake yi shi ne ajiye kwafi da sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaskiya", har a rasa wanda ke aiki. Git ya zo ne don magance wannan. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya rubuta shi a Afrilun 2005 bayan masu BitKeeper sun janye damar amfani da manhajarsu kyauta, kuma daga Yulin wannan shekarar Junio Hamano ke kula da shi.

Duk lokacin da aka kammala wani gyara, Git yakan ɗauki hoton yanayin fayilolin gaba ɗaya, ya haɗa da sunan wanda ya yi gyaran, lokacin da ya yi, da ɗan bayanin dalili. Kowane irin wannan rajista yana samun lamba mai haruffa da alƙaluma 40, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa da kuma lambar rajistar da ta gabace shi. Sakamakon haka, wanda ya koma baya ya sauya wani abu a tsohon tarihi, lambobin duk abin da ya biyo baya za su canza, kuma duk mai riƙe da kwafi zai gane an taɓa. Ga wanda ya san isnadi, tsarin ba baƙo ba ne: kowane mataki yana ambaton wanda ya karɓa daga gare shi. Sai dai Git ba ya tantance gaskiyar mai ruwaya. Suna da lokaci abubuwa ne da mai gyara zai iya rubuta na ƙarya, in ba an tilasta sa hannu na sirri a kan kowace rajista ba.

Wani abin da ya bambanta Git shi ne kowane mai aiki yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa. Mai gina shafi da ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa zai iya yin aikinsa na yini guda ba tare da intanet ba, ya tura idan ya sami layi, kuma abin da zai tura shi ne canje-canjen kaɗai, don haka data kaɗan yake ci. Git daban yake da GitHub: na biyun kamfani ne da aka buɗe a 2008 don ajiye rumbunan Git, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Yadda rubutun ke ɗora shafi

Shafin da jama'a ke gani yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira uwar garke. Ɗora shafi shi ne kai sababbin fayiloli daga kwamfutar mai aiki zuwa can. Ga misalin ƙaramin rubutu da zai yi wannan aikin:

#!/bin/bash
set -e
cd /srv/jarida
git pull
./gina.sh
./gwaji.sh
rsync -a --delete fito/ uwargarke:/var/www/jarida/

Layin farko yana gaya wa kwamfuta cewa Bash ne zai karanta fayil ɗin. Na biyu shi ne birki: idan wani umarni ya gaza, a tsaya nan take, kada a ci gaba. Na uku yana shiga jakar aikin, na huɗu yana jawo sababbin gyare-gyare daga rumbun Git, na biyar yana haɗa shafukan, na shida yana gwada su. Sai an tsallake gwajin ne layin ƙarshe zai kwafi fayilolin zuwa uwar garke ta amfani da rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, wadda ke aika abin da ya canza kaɗai ta ɓoyayyiyar hanyar SSH. Ana iya ɗaura irin wannan rubutu a jikin Git domin ya tashi da kansa duk lokacin da aka turo gyara, ko a sa masa lokaci da manhajar cron.

Layi na biyu da na shida su ne suka fi muhimmanci, kuma su ne aka fi yin sakaci da su. In babu birkin, kuma shiga jakar ya gaza, sauran umarnin za su gudana a wurin da ba a nufa ba, ga shi kuma layin ƙarshe yana ɗauke da izinin goge duk abin da ke jakar shafin a uwar garke wanda babu shi a jakar tushe. A Janairun 2015 an gano irin wannan a rubutun shel na manhajar wasanni ta Steam a kan Linux: wani suna da ya kamata ya ƙunshi adireshin jaka ya zo fanko, sai umarnin gogewa ya bi ta kan fayilolin mai kwamfutar gaba ɗaya.

Yin aikin da hannu ma bai fi aminci ba. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutoci bakwai cikin takwas, ta takwas ɗin ta ci gaba da aiki da tsohuwa.

Abin da INEC ta ce ya faru

An fara amfani da IReV a Agustan 2020 a zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar jiha a mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya, ya kuma yi aiki a zaɓukan gwamna na Ekiti da Osun a 2022. Duk waɗannan zaɓuka ne da ke ƙarƙashin jiha guda. A rahoton babban zaɓen 2023 da ta fitar a Fabrairun 2024, INEC ta ce an tsara manhajar ta riƙa jera kowane sakamako a ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, don haka manhajar ta kasa ƙirƙirar jakar da za ta saka takardunsa, uwar garke ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Hukumar ta ce injiniyoyinta sun yi gyaran gaggawa a ranar zaɓen, kuma takardar farko ta shugaban ƙasa ta hau shafin da ƙarfe 8:55 na dare.

Idan aka ɗauki bayanin yadda yake, wannan shi ne ainihin irin kuskuren da matakin gwaji ke wanzuwa don kamawa: a gwada kowane nau'in zaɓe, har da wanda ba a taɓa yi da manhajar ba, kafin a ɗora ta. Jihar Kano kaɗai tana da rumfuna 11,222 a ƙananan hukumomi 44, kuma kowace rumfa tana da takardar shugaban ƙasa da ya kamata ta hau. 'Yan adawa ba su yarda cewa matsalar ta na'ura ce kawai ba, kuma Atiku Abubakar da Peter Obi sun sa batun cikin ƙararrakinsu. A hukuncinta na 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta ce IReV ba shi ne wurin tattara sakamako a doka ba, don haka gazawarsa ba ta isa ta soke zaɓen ba. Hukuncin ya rufe shari'a, amma tambayar fasahar tana nan, kuma irinta ce cikakken tarihin gyare-gyare ke amsawa: wane layi aka canza, wa ya canza shi, da ƙarfe nawa, wa ya amince a ɗora. Duk hukumar da ke tafiyar da shafin da amanar jama'a ta rataya a kansa, ya dace a nemi ta adana irin wannan tarihi, ta kuma bari masu bincike masu zaman kansu su duba shi.

Amfaninsa ga kafofin labarai

Ga ƙaramar jarida ta intanet, fa'idar farko ita ce komawa baya. Idan sabon gyara ya lalata shafi ana tsakiyar ba da rahoton zaɓe, umarni ɗaya na Git ya isa ya janye gyaran, a sake tayar da rubutun ɗorawa, shafin ya dawo yadda yake. Ta biyu ita ce sauya masauki. A Janairun 2021 masu karatu a Najeriya sun kasa buɗe shafin jaridar Peoples Gazette ta manyan layukan waya, kuma daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Kafar da dukkan shafinta ke cikin rumbun Git, kuma ɗora shi aikin rubutu ɗaya ne, za ta iya tayar da kwafinsa a wani adireshi cikin ɗan lokaci. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF tana yin irin wannan tun 2015 a shirinta na Collateral Freedom, inda take kafa kwafin shafukan da gwamnatoci suka toshe.

Wannan dabara tana da iyaka. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, babu kwafin shafin da zai kai ga mai karatun da wayarsa ba ta da sabis. Akwai kuma haɗarin da ke fitowa daga cikin gida. Rubutun ɗorawa yana buƙatar mabuɗin shiga uwar garke, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin, sannan a tura shi rumbun da kowa ke gani. Goge layin daga baya ba ya wadatarwa, tunda aikin Git shi ne tuna komai: kalmar tana nan a tsohon tarihi, kuma mafita ita ce a soke ta a yi sabuwa. Haka nan idan ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ya bar aiki, dole a cire mabuɗinsa daga uwar garke a ranar, domin duk mai wannan mabuɗin yana iya sauya abin da jaridar ke wallafawa ba tare da edita ya sani ba.