Tarihin Wurin Ziyara na Fatima

A ƙasar Fotugal, kamar mil 80 arewa da babban birninsu Lisbon, akwai wani gari da ake kira Fatima. Mai karatu zai yi mamakin jin wannan suna a ƙasar Turawa. Dalili kuwa shi ne Larabawa sun daɗe suna mulkin wannan yanki, tun daga shekarar 711. Mutanen wurin suna cewa sunan wata 'yar sarkin Larabawa ne ya bi garin.

A shekarar 1910 aka tuɓe sarkin Fotugal, aka kafa jamhuriya wadda ba ta ga maciji da shugabannin addinin Katolika. Ta ƙwace dukiyar majami'u, ta kori waɗansu malamansu. A 1916 kuma ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka yi ta ɗibar samari. Talakawan ƙauye suna cikin wannan hali sa'ad da abin ya faru.

Ran 13 ga Mayu, 1917, yara uku suna kiwon tumaki a wani kwari da ake kira Koba da Iriya. Su ne Lusiya mai shekara 10, da 'yan uwanta Faransisko da Jasinta. Suka komo gida da labari wai sun ga wata mace mai haske bisa wani ɗan itace, ta umarce su da jan tasbaha kullum don a sami zaman lafiya, su kuma riƙa komowa ran 13 ga kowane wata. Uwar Lusiya ma ba ta yarda ba, ta ce ƙarya ce. Amma labari ya bazu, jama'a suka fara taruwa.

Da abin ya kai kunnen mai mulkin gundumar, wanda a nan za mu ce masa Di'o, sai ya kama yaran ran 13 ga Agusta, ya tsare su. Bisa ga faɗar Lusiya, har ya tsorata su da cewa za a jefa su cikin tafasasshen mai. Ko ɗayansu bai sāke magana ba, dole ya sake su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: kamun nan ya ƙara wa labarin ƙarfi. Ran 13 ga Oktoba dubban mutane suka taru cikin ruwan sama, da yawansu suka ce sun ga rana tana juyawa tana sāke launi. Jaridar O Século, wadda ba ta goyon bayan majami'a, ita ma ta buga labarin. A ranar ne yaran suka ce matar ta bayyana musu cewa ita ce Maryamu.

Faransisko ya rasu a 1919, Jasinta a 1920, cikin annobar nan ta marisuwa wadda har ƙasarmu ta yi wa ɓarna. Talakawa suka tara kuɗi suka gina ɗan ɗakin ibada a wurin a 1919. A 1922 waɗansu maƙiya suka sa masa nakiya, aka sāke gina shi. Shugabannin Katolika kuwa ba su yi garaje ba. Sai da aka yi shekaru ana bincike, kana Bishop na Leiriya ya yarda da labarin a 1930. An soma gina babbar majami'a a 1928, aka keɓe ta a 1953. Lusiya ta shiga gidan mata masu ibada, ta rasu a 2005 tana da shekara 97.

Ibadar wurin ta fi ƙarfi ran 12 da 13 ga wata, daga Mayu zuwa Oktoba. Waɗansu sukan yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa daga garuruwansu. Wanda ya yi alkawari saboda ciwo ko wata damuwa yakan ratsa filin a kan gwiwoyinsa har ɗan ɗakin nan. Akan ƙona kyandir, da siffofin hannu ko ƙafa na kakin zuma, alamar gaɓar da ake roƙon warakarta. Da dare akan zaga da siffar Maryamu, kowa da kyandir a hannu. Kashegari in za a mai da ita, sai jama'a su yi ta kaɗa fararen adikai, suna ban kwana.

Paparoma Yahaya Bulus na Biyu, wanda aka harbe shi a Rum ran 13 ga Mayu, 1981, ya zo godiya a 1982, daga baya aka sa harsashin cikin kambin siffar. A 2017 Paparoma Faransis ya sa Faransisko da Jasinta cikin waliyyan Katolika. Kwarin da yara suka yi kiwo a ciki yanzu mutane miliyoyi ke ziyartarsa kowace shekara.