Mai masaƙar da aka hana wa ragi, ya kafa tasa inshorar

Yau za mu leƙa Amurka ta shekarar 1835, wajen wani mai masaƙa a jihar Rod Ailan, sunansa Zachariah Allen.

A wancan zamani masaƙar auduga da gobara kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: ga ƙurar auduga, ga man injin, ga fitilu, ga ginin katako. Kamfanonin inshora sun san haka, sai suka tsawwala kuɗi. Shi Allen ya kashe dukiya wajen gyara tasa masaƙar. Ya sa ƙofofi masu kauri, ya girka famfon kashe wuta, ya gina katanga ta raba ɗakin gyaran auduga da sauran ginin. Ya je ya ce a rage masa kuɗin da yake biya, tunda hatsarinsa ya ragu. Aka ƙi. Wato mai kula da mai sakaci farashinsu ɗaya.

Sai ya tara 'yan uwansa masu masaƙu suka kafa kamfaninsu, Manufacturers Mutual. Kowa zai zuba kuɗi a asusu ɗaya, wanda gobara ta shafa a biya shi, abin da ya rage in wa'adi ya cika a mayar wa masu shi. Babu wani mai hannun jari a gefe da ke jiran riba.

Amma fa ni a ganina sirrin ba a karo-karon yake ba, a bakin ƙofa yake. Ba kowa ake ɗauka ba. Sai an zo an duba masaƙarka, kuma bayan ka shiga masu duba za su riƙa dawowa. Tunda asarar maƙwabcinka daga aljihunka za ta fita, dole ka sa masa ido, shi ma ya sa maka. Gobara ta ragu, abin da ake mayarwa ya ƙaru. Shi ya sa da na'urar yayyafa ruwa mai aiki da kanta ta fito, irin wadda Frederick Grinnell ya yi wa rajista a 1881, waɗannan kamfanoni suka matsa wa membobinsu su sa ta. Tsatson kamfanin Allen yana nan, shi ne aka sani da sunan FM Global har zuwa 2024.

Na san wasunku sun riga sun ce ai wannan takaful ne. Ta wajen raba rarar kuɗi akwai kama sosai. Sai dai ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. A ce 'yan layi ɗaya sun haɗa irin wannan asusu, wa zai iya kallon Alhajin da ya girme shi ya ce ba za a karɓe shi ba sai ya gyara wayar lantarkin shagonsa ya fitar da jarkar fetur? Wannan aikin masu duban Allen suka riƙa yi, masaƙa bayan masaƙa.