Daga Dandali Zuwa Ƙungiya: Yadda Bahaushe Ya Fara Zaɓen Aboki

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka iso wannan jami'a, ba ma rasa ganin wani yaro daga Gusau ko Daura zaune shi kaɗai a gindin bishiya ya yi tagumi, kunnensa bai saba da harshen garin ba, cikinsa kuma bai saba da cimarsu ba. Ganin irin wannan yaro ne ya sa muka ga ya dace mu yi waiwaye, mu duba yadda na gabanmu suka yi da kaɗaici, domin ba a kansa aka fara ba.

A zaman Bahaushe na dauri, ba a fita neman aboki, tashi ake yi a tarar da shi. Wanda kuka fito unguwa ɗaya, aka yi muku kaciya a hunturu ɗaya, kuka sha bulalar malami ɗaya a makarantar allo, shi ne abokinka, shi ne kuma zai tsaya maka ranar aurenka. Da dare ga dandali, da damina ga gayya, sarkin samari na jan ragama. Mutum ba ya bukatar kafa ƙungiya, tun da garin kansa ƙungiya ne.

Ilmin boko da aikin gwamnati su suka fara tsinka wannan igiya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sai aka sami wani sabon irin mutum: malamin makaranta ko akawu ko malamin asibiti, wanda takarda ɗaya za ta ɗauke shi daga garinsu ta ajiye shi inda ba shi da sa'a ko ɗaya. Ya wuce wasan dandali, bai kuma kai zaman dattawa ba. To, da wa zai yi hira bayan la'asar? Dole ya nemi wanda ke sha'awar abin da yake sha'awa, wato karatu da muhawara.

Misali mafi shahara shi ne na Bauci. A wajejen 1943 zuwa 1944 garin ya haɗa Malam Aminu Kano, wanda aiki ya kai shi makarantar Midil, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke koyarwa a wannan makaranta, da kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda ya komo gida bayan ya gwada irin wannan taro a Zariya. Zaman da suka riƙa yi, wanda aka sani da Bauchi Discussion Circle, da amincewar hukuma aka fara shi, har jami'an Turawa da ma'aikatan En'e sukan halarta. Ana cikin haka muhawara ta gangaro kan mulkin sarakuna, har aka tambayi ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe taron. Masana tarihi sukan dubi wannan zama ta fuskar siyasa kawai, kuma suna da hujja, ganin cewa Jam'iyyar Mutanen Arewa ma da sunan ƙungiyar al'adu ta fara kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Amma a namu ganin, kafin siyasa akwai samari 'yan boko da suka rasa abokin hira. Abin lura kuma shi ne, Aminu da Abubakar sun raba hanya daga baya, ɗaya NEPU ɗaya NPC, abin da ke nuna cewa son muhawara ne ya haɗa su, ba ra'ayi ɗaya ba.

Talaka wanda bai yi boko mai zurfi ba, shi rediyo ne ya buɗe masa ƙofa. 'Yan zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna sun ƙulla zumunci da katin gaisuwa: tela a Jos ya gai da direba a Agege, su shekara suna jin sunan juna kafin su haɗu ido da ido, wani lokaci a wurin biki ko suna. Mawaƙa ma ba a bar su a baya ba, domin a shekarun 1970 Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima a Kano, Alhaji Aƙilu Aliyu kuma Hausa Fasaha.

Inda abin ya fi shafar mu ɗaliban adabi shi ne Kano ta shekarun 1980 da 1990. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai matasa masu sha'awar rubutu suka nemi juna. A ƙungiyar Raina Kama aka sami Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Duk wanda ya riƙe littattafan wancan lokaci zai tuna hoton 'yan ƙungiya da jerin littattafansu da ake bugawa a ciki, kowa na tallata na ɗan'uwansa. Manazarta da dama sun yi wa wannan adabi kallon raini, suka laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano, mu ma ba mu wanke kanmu daga wannan laifi ba. Abin da muka kasa gani a lokacin shi ne, a nan ne mace da namiji suka zauna a matsayin abokan sana'ar alƙalami, abin da dandali bai taɓa tanada ba.

Haka ma 'yan wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi shekaru tana wasan daɓe da na talabijin kafin ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, fim ɗin da ake ɗauka shi ne mafarin sana'ar finafinan Hausa ta Kano. Da kuɗi suka shigo harkar, kamfanoni suka maye gurbin ƙungiyoyi, wanda a da ake kira ɗan ƙungiya ya koma ana ce masa furodusa ko jarumi, kowa da farashinsa.