Sandar Tura Bawul da Tarihin Gyaran Babur a Yola da Jimeta

Sana'ar gyaran babur a Yola da Jimeta ta tsiro ne daga rumfar mai gyaran keke. Tun zamanin Turawa, lokacin da jiragen ruwan kamfanonin ciniki ke hawo Binuwai da damina su sauke kaya a Jimeta, keken Raleigh ne abin hawan akawu da malamin makaranta. Da babur ya shigo Arewa, wanda ya iya faci da ɗaurin sarƙa aka fara kai wa. Baburan farko na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, masu nauyi da yoyon mai, masu su kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Abu biyu suka cika garin da babura. Na farko kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Na biyu ƙirƙiro jihar Gongola a 1976 da Yola a matsayin babban birninta, abin da ya kwaso ma'aikata daga Mubi da Numan da Jalingo da Wukari. Ofisoshi da manyan kantuna suna Jimeta, fadar Lamiɗo da tsofaffin unguwanni kuma suna cikin Yola. Tazarar da ke tsakani ta fi ƙarfin ƙafa, mota kuma ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai baburan Japan suka cike gurbin: Honda da Yamaha da Suzuki, ga kuma Vespa ta Italiya, wadda dattawa suka fi so don ba ta ɓata babbar riga.

Cikinsu duka, wanda ya fi barin tambari a hannun makanikai shi ne Honda CG125. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Iran da Pakistan, su gano dalilin da baburansa ke saurin lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku ko huɗu da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya ƙone, ba a zuwa gareji sai inji ya tsaya cik. Injin da suke sayarwa a lokacin kamshaf ɗinsa a sama yake, cikin kan inji, wurin da mai mai datti ke fara ci. Maganin da suka kawo komawa baya ne da gangan: suka sauko da kamshaf ƙasa kusa da mai, giya ke juya shi maimakon sarƙa, sannan suka sa siraran sanduna biyu su kai motsin sama. Babur ɗin ya fito kasuwa a 1975. Ba don Najeriya aka tsara shi ba, amma halin da aka tsara shi dominsa bai bambanta da na hanyoyin Adamawa ba, ƙura da zafi da lodi.

Aikin sandar, wadda makanikai ke kira fushrod, mai sauƙin fahimta ne. Kamshaf na juyawa, tudun da ke jikinsa ya ɗaga wani ɗan hannu, hannun ya tura sanda, sanda ta bugi roka, roka ta danne bawul ya buɗe. Ɗaya ta bawul ɗin shigar mai da iska ce, ɗaya ta fitar hayaƙi, kuma a CG125 tudu guda ne ke yi wa duka biyun aiki. Irin wannan inji ba ya son gudun wuce kima, amma da sifana da sukuddireba ana iya kwance kansa a gindin bishiya a mayar kafin la'asar.

Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 da faɗuwar darajar Naira suka sauya sana'ar. Sabon babur da kayan gyara na asali suka gagari talaka, a daidai lokacin da acaɓa ta zama abincin matasa. Kasuwar Nkwo da ke Nnewi ta zama cibiyar kayan babur, 'yan kasuwarta suna odar kwaikwayo daga Taiwan, daga baya daga Sin, kayan su biyo manyan motoci har shagunan Jimeta. Kamfanonin Sin kuma suka kwafe injin CG ɗin baki ɗaya, suka yi ta fito da shi da sunaye barkatai. Daga nan gwanintar makanike ta tashi daga iya gyara ƙarfe ta koma iya tantance shi, domin sanduna biyu na iya zuwa cikin kwali iri ɗaya, ɗaya ta shekara tana aiki, ɗaya ta lanƙwashe a wata guda.

Wanda ya ƙware ba ya ɗaura sabuwar sanda sai ya jera ta da tsohuwa ya ga tsawonsu ya zo ɗaya. Yakan mirgina ta a kan gilashi, in tana tsalle ko haske na bi ta ƙarƙashinta, a karkace take. Yakan duba bakinta biyu, ko ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata, ko kuwa mai taushi ne da zai cinye ya zuba gari cikin mai. Tsawon ne ya fi yaudara. Tsohon inji da aka taɓa goge kansa, ko aka sa masa gasket mai kauri dabam, tazarar da ke tsakanin kamshaf da roka ta riga ta canza, don haka ko sandar asali ma tana iya yin tsawo ko gajarta. Bayan an ɗaure komai sai saitin tafet, wato tazarar da ke tsakanin roka da bawul, inji na sanyi, fistan na can ƙololuwa, bawul biyu a rufe. Ƙa'idar CG125 milimita 0.08 ce. Tsofaffin hannu da yawa da kunne da yatsa suke yi, ba da ma'auni ba, wannan kuwa caca ce: in tazarar ta yi yawa inji ya riƙa ƙara yana rasa ƙarfi, in ta matse bawul ya ƙi rufuwa sosai har ya ƙone. Na biyun ya fi sharri, don shiru yake yi, mai babur ya tafi yana yabon aiki.

Ilimin a gareji ake gadonsa. Uba ya kai yaro wurin maigida, ya fara da wankin kaya cikin fetur da miƙo sifana, ya shekara bai taɓa kan inji ba, sai ranar da aka yaye shi ya kafa tasa rumfar.

A zamanin Gwamna Murtala Nyako aka hana zirga-zirgar babura a cikin Yola da Jimeta saboda matsalar tsaro, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013. Keke Napep ya karɓe titi, babura suka koma ƙauyuka da hanyoyin kan iyakar Kamaru, inda Bajaj Boxer mai kamshaf a sama ya yi kaka-gida. Wasu makanikan suka bi keke, wasu suka koma janareta da injin markaɗe da injin ban ruwa na masu noman rani a Gerio da gaɓar Binuwai. Yawancin waɗannan ƙananan injuna samfurin Honda GX ne ko kwaikwayonsa, kuma su ma da sanduna biyu suke buɗe bawul. Saitinsu ne kawai ya bambanta: a GX160, milimita 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na fita.