Masu Ruwa a Ƙasar Damagaram: Abin da Sunaye ke Nunawa

Wanda duk ya san birnin Damagaram ya san cewa ruwa ne babbar damuwarsa tun can asali. Garin yana zaune bisa duwatsu masu tauri, rijiyoyinsa ba su da yalwa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga nan zuwa Yamai a 1926. Amma ta gabas da kudu, wajen Mirriya da Gidimuni da kwarin Korama, akwai tafkuna da fadamu masu albarka. A irin waɗannan wurare ne Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, suka ɗauka cewa ruwa yana da mai shi, kuma ba a shiga hakkinsa sai da izini da yanka.

Marubutan Turai sun saba fassara wannan da "allolin ruwa". A ganinmu fassarar ba ta dace ba, kuma harshe da kansa shi ne shaida. A Japan ana cewa Suijin, kalmar da ta haɗa "ruwa" da "abin bauta". Ainu, mutanen tsibirin Hokkaido, suna kiran uwar ruwan daɗi Wakka-us Kamuy, inda wakka ke nufin ruwa, kamuy kuwa abin bauta. Bahaushe bai bi wannan hanya ba. Shi kalmar sarauta ya ɗauko: a bori akwai iska mai suna Sarkin Rafi, kuma shugaban masunta, ɗan Adam da ake gani da ido, Sarkin Ruwa ake ce masa. Ke nan abin da ke cikin ruwa mai iko ne da yanki, kamar hakimi. Ana kai masa gaisuwa, ana ƙulla alkawari da shi, alkawarin kuma gado ne na gida guda. Guy Nicolas ya bayyana irin wannan gado a binciken da ya yi a Gulbin Maraɗi.

Labarin Daura ma haka ya nuna. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ke hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a, Sarki ne sunansa, kuma kashe shi da Bayajida ya yi sauyin mulki ne. Labarin ba baƙo ba ne a Damagaram, domin bayan jihadi sarakunan Haɓe na Daura da suka zauna Zango da Ɓaure sun koma ƙarƙashin inuwarta a ƙarni na 19.

Daular Damagaram kuwa, tun kafuwarta a ƙarni na 18, ta Musulunci ce, da tsarin da ta gada daga Barno, kamar yadda André Salifou ya nuna a littafinsa na 1971. Duk da haka masu ruwa ba su gushe ba, suna kawai suka sake. Inda Anna ke cewa iska, sai malamai suka ce aljani, kalmar Larabci wadda Alƙur'ani ya san da ita. Wannan musanya ta ba talaka damar ya yi salla, ya fita roƙon ruwa bayan liman idan damina ta yi jinkiri, sa'an nan ya hana ɗansa wanka a tafki da tsakar rana don tsoron mutanen ruwa, ba tare da ya ga wani saɓani a ciki ba.