Ikon Hukuma a Kan Sayen Kwamfuta da Makomar Baƙaƙe Masu Ƙugiya: Waiwayen Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani al'amari da masu nazarin harshe ba su cika ɗaukarsa a matsayin nasu ba, wato yadda gwamnati take tattara ikon sayen kwamfuta da rarraba amfaninta a hannun hukuma guda. A zahiri wannan batu ne na ma'aji da akanta. Sai dai maƙalar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa duk hukumar da aka ba ikon cewa ga irin na'urar da za a saya, to an ba ta ikon cewa ga baƙaƙen da za a iya rubutawa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Za a dubi Amurka, inda tsarin ya fara tsayawa da ƙafafunsa, sannan Nijeriya, har a gangaro ga abin da ya iso wa mutumin Dagauda ta ƙaramar hukumar Dambam a Jihar Bauchi.

2.0 Dokar Brooks

A farkon shekarun 1960 gwamnatin Amurka ce babbar mai cinikin kwamfuta a duniya, amma kowace ma'aikata gaban kanta take ci. Yawancinsu haya suke ɗauka, akasari daga kamfanin IBM, suna biyan kuɗin da da an tara shi da ya sayi na'urar. Wata ma'aikatar na'urarta na zaune ba aiki rabin yini, maƙwabciyarta kuwa tana neman kuɗin sayen irinta. Wani ɗan majalisa daga Jihar Teksas mai suna Jack Brooks shi ya ɗauki wannan magana ya yi ta bibiya, har aka sa hannu a kan dokar da ake kira da sunansa ranar 30 ga Oktoba, 1965. Dokar ta danƙa saye da haya da gyaran kwamfutocin gwamnatin tarayya a hannun hukumar GSA mai kula da kayan aikin gwamnati, tare da ikon kafa rumbu na haɗin gwiwa yadda wata ma'aikata za ta ari lokaci a na'urar wata. Ofishin kasafin kuɗi aka bar wa tsara manufa, hukumar ma'aunai ta ƙasa kuma aka ɗora mata fitar da ƙa'idojin fasaha.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne ya shafe mu. Ba yadda za a yi ma'aikatu biyu su yi tarayya a kan bayanai sai na'urorinsu sun yarda da lamba ɗaya ga kowane harafi. Saboda haka a watan Maris na 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya ba da umarnin cewa daga 1 ga Yuli, 1969, duk kwamfutar da za ta shiga hannun gwamnatin tarayya dole ta iya aiki da tsarin ASCII. Tsarin yana da gurabe 128 kacal, kuma haruffan da ke cikinsa su ne 26 na Ingilishi, manya da ƙanana. Gaskiya ne manyan injinan IBM sun ci gaba da amfani da nasu tsarin na daban, amma ƙananan na'urorin da suka biyo baya, da hanyoyin sadarwar da suka zama intanet, duk a kan ASCII aka gina su. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Mai saye mafi girma ne ya faɗi abin da yake bukata, kasuwa ta bi shi. An soke dokar Brooks a 1996, bayan ƙorafin cewa ta sa saye yana jan ƙafa har na'ura ta tsufa kafin ta iso, amma gurabe 128 sun riga sun yi jijiya.

3.0 Nijeriya: daga ƙidayar 1963 zuwa soke lasin shigo da kaya

Saye ta hannun wakili guda ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin mulkin mallaka, ofishin Wakilan Sarauta da ke Landan ne yake yi wa gwamnatocin ƙasashen da Ingila ta mallaka odar kaya. Haka kuma bayan an raba Jihar Arewa gida shida a 1967, an kafa hukumar ICSA a Kaduna don ta riƙe kadarorin da ba su rabuwa, har zuwa 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi.

Kwamfuta ta shigo Nijeriya a 1963, dangane da aikin ƙidayar jama'a, kuma a shekarar ce IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A wancan lokaci tarayya a kan na'ura tilas ce, domin injin guda kan cinye ɗaki, ga bukatar sanyi da wuta marar yankewa. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, ma'aikatu da bankuna suka shiga rige-rigen saye. A ƙarshen waɗannan shekaru gwamnatin tarayya ta kafa Kwamitin Tsakiya na Kwamfuta, wanda aikinsa ya haɗa da tattara bayanai a kan na'urorin da ke ƙasar, da tsara ƙa'idoji ga masu saye da masu sayarwa, da kuma duba takardun masu neman izinin shigo da kwamfuta. A daidai wannan zamani ne dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta sa IBM ya tattara nasa ya nasa ya fice.

A nan ne ya kamata mai nazarin harshe ya tsaya ya dubi abubuwa biyu da suka gudana kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun gaisa ba. A gefe guda ga gwamnati riƙe da ƙofar da kowace kwamfuta za ta bi ta shigo. A ɗaya gefen, ita wannan gwamnatin ce ta fitar da manufar ilimi ta 1977 da ta ba harshen uwa gurbi a farkon karatun firamare, ga kuma tsarin mulkin 1979 da ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Igbo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Mun fahimci "tanadi" da ma'anar kalmomi, shi ya sa ƙoƙarinmu ya tafi ga ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, har aka samu littafin kalmomin nazarin Hausa a 1990 da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Aiki ne mai kyau. Amma tanadi ya haɗa da injin da zai buga kalmar, kuma wannan ɓangaren ba a teburin masana harshe yake ba.

Ba wai ba a yi yunƙuri ba. A 1981 Kay Williamson ta gabatar da shawarar abacada guda da za ta wadaci harsunan Nijeriya, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki aikin, aka tsayar da haruffa 33. Tsakanin 1985 da 1986 Edward Oguejiofor da Victor Manfredi suka zana siffofin haruffan tare da shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. To amma dubi yadda lokaci ya saɓa. A 1986 ɗin ce gwamnatin Janar Babangida ta soke lasin shigo da kaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, wato ƙofar da za a iya tsayawa a ce "kada a shigo da na'ura sai mai waɗannan haruffa" ta buɗe gaba ɗaya. A 1988 kuma aka narkar da ita Cibiyar Harsunan cikin hukumar NERDC. Haruffa sun samu, mai tilasta su ya kau.

Abin da ya biyo baya duk mun gan shi. Baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda aka tsayar tun shekarun 1930 a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939, sai ga su sun zama baƙi a kan sabuwar na'ura. Mai buga takarda ya gama aikinsa, sannan marubuci ya bi da biro yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka koma sa ɗigon-sama kafin harafi ko bayansa. Baƙin 'y kaɗai ya tsira, don an yi sa'a alamar da yake bukata tana cikin ASCII. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta shi da ƙugiya ba su sami wannan sauƙi ba. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka ceci ɗab'in Hausa a Kano. Sai dai zubin haruffa na wancan zamani aron gurbin wasu alamomi yake yi, don haka da an kai rubutun wata na'urar da ba ta da shi sai ya rikiɗe. Abin mamaki, tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu na dindindin tun farkon shekarun 1990. Maganin yana nan, mai saye da zai nace a kansa ne babu.

4.0 Dawowar iko ga tsakiya

Da aka koma mulkin farar hula sai iko ya sake tattaruwa. An kafa hukumar NITDA a 2001, dokarta ta fito a 2007, shekarar da aka yi dokar sayen kayan gwamnati da ta haifar da ofishin BPP. A 2006 aka kafa kamfanin Galaxy Backbone don ya zama rumbun bayanai da hanyar sadarwa guda ga ma'aikatun tarayya, maimakon kowace ta gina nata. A Janairun 2023 aka buɗe babbar cibiyarsa ta bayanai a Kano. A 2013 NITDA ta fitar da ƙa'idojin fifita kayan gida. A 2018, lokacin da Isa Ali Pantami yake shugabancin hukumar, gwamnati ta fitar da takardar umarni cewa kada wata ma'aikata ta fara aikin kwamfuta sai NITDA ta tantance shi. Dalilan da aka bayar su ne dai waɗanda Brooks ya bayar a 1965: maimaita saye, tsawwala farashi, da na'urorin da ba sa jin maganar juna.

A ganina tsarin ya yi amfani ta fuskar kuɗi, kuma ba adalci ba ne a musa. Amma nauyin ƙa'idojin ya karkata ne ga inda aka harhaɗa na'ura da inda aka ajiye bayanai. Lokacin da kamfanin Zinox ya fito da kwamfutarsa a 2001, abin da aka yi alfahari da shi a allon maɓallanta shi ne alamar naira. Kuɗinmu ya sami maɓalli, ƙ tana jira. Ba kuma ƙaramin abu ba ne a harshen da doki da ɗoki, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai suka bambanta da ƙugiya kawai. Sau nawa muke karanta "hukumar zabe ta kasa" a takardun hukuma, alhali ba gazawarta ake nufi ba?

5.0 Abin da ya iso Dagauda

Umarnin NITDA ma'aikatun tarayya ya ɗaure, irin su cibiyar lafiya ta tarayya da ke Azare da jami'ar kimiyyar lafiya da aka kafa a garin a 2021. Sakatariyar ƙaramar hukuma da makarantar firamare kuwa a ƙarƙashin jiha suke, da nata dokokin saye. Don haka mutumin Dagauda ba ta ƙofar ofishin garinsu ya fi haɗuwa da kwamfutar gwamnatin tarayya ba. Ta rajista ya haɗu da ita: lambar banki ta BVN daga 2014, na'urar tantance katin zaɓe a 2015, jarrabawar JAMB da ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a shekarar, wadda takan sa ɗalibin ƙauye ya yi sammako zuwa manyan garuruwa irin su Azare, sai kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka ɗaura wa layin waya a ƙarshen 2020, aka kuma wajabta ta ga masu neman JAMB daga 2021.

A nan ne tarayya a kan bayanai ta nuna ɗaya fuskarta. A da, idan malamin rajista ya rubuta Dahiru a maimakon Ɗahiru, kuskuren a littafinsa yake kwana; hedimasta na iya rubuta shi daidai a nasa littafin. Yanzu da hukumomi suke ɗebo suna daga rumbu guda, kuma ake ƙin karɓar duk takardar da harafi ɗaya ya saɓa a cikinta, siffar da na'ura ta fara karɓa ita ce take zama sunan mutum a banki da makaranta da fasfo. Sunayen kuwa da baƙaƙen Ingilishi zalla suke fitowa: Ɗanlami ya zama Danlami, Haɗeja ta zama Hadejia kamar yadda Turawa suka bar ta, sunaye masu alhamza irin su Sa'adatu da Jama'are kuma wani fom ɗin ya karɓi alamar, wani ya tofar da ita, a sami mutum ɗaya da suna biyu. Ga fasfo akwai hanzari, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta taƙaita layukan da inji yake karantawa ga haruffa 26, duk da cewa ta bar wa ƙasashe damar rubuta suna da haruffansu a ɓangaren da ido yake karantawa, kamar yadda Jamus da Turkiyya suke yi. Ga rumbunan cikin gida kuwa ba wata ƙa'idar waje da ta hana. Wayar hannun da ke aljihun matashin Dagauda a yau tana iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba, kuma manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa tun 2013. Abin da ya rage sharaɗi ne na layi ɗaya a takardar kwangila, cewa duk manhajar da za a saya da kuɗin jama'a ta karɓi haruffan Unicode na harsunan ƙasa, ta ajiye su, ta kuma buga su. Hukumar da take da ikon sa wannan layi ita ce mai tantance ayyukan, kuma tun 2019 aka naɗa Kashifu Inuwa Abdullahi ya shugabance ta, mutumin Haɗeja, garin da ƙugiya take tsakiyar sunansa.